Ƙannena da ke Amurka, ku guji ajiyar ƙwaya da bindiga

Ƙannena, musamman ku da ke Bronx da sauran garuruwan da 'yan Zango da 'yan Nijar suka taru, ku saurare ni. Na yi zaman gidan yarin tarayya a Amurka, kuma ban taɓa sayar wa kowa ko da ƙullin hodar iblis ba. Ajiya na karɓa daga wani ɗan garinmu, ina sane da abin da ke cikin jakar. Daga baya ya kawo bindigarsa ya ce in haɗa da ita, ni kuwa kunya ta hana ni cewa a'a.

Na ɗauka mai ajiya laifinsa kaɗan ne. A dokar tarayya, wanda ya haɗa baki hukuncinsa ɗaya da mai kayan, kuma awo ake dubawa kafin a dubi halinka. Tun dokar 1986 aka kafa mafi ƙarancin hukunci: giram 500 na hodar iblis shekara biyar ne, kilo biyar shekara goma. Hiroyin giram 100 ya isa shekara biyar. Fentanil da ya cika gari yanzu, giram 40 kacal, abin da bai cika tafin hannu ba.

Amma bindigar ce ta kassara ni, kuma a kanta nake so ku natsu. Akwai wata ƙofa da doka ta bari ga wanda bai da tarihin manyan laifuka, bai yi tashin hankali ba, kuma ya faɗi gaskiya: alƙali na iya sassauta masa ƙasa da mafi ƙarancin. Lauyana ya ce ba don bindigar ba, da na cancanta. Da zarar an ga makami tare da kayan, ƙofar ta rufe. Sannan sashe na 924(c) na dokar makamai ta tarayya ya ƙara shekara biyar daban, wadda ba a haɗa ta da ta ƙwayar, sai ka gama waccan ka fara wannan. Ba sai ka harba ba, ba sai ka nuna wa kowa ba. In ka nuna ta zama bakwai, in ka harba goma. Ni ko riƙe ta ban iya ba, amma tana kabad ɗaya da jakar, sai shekara biyar ta ƙwayar ta koma goma. Alƙalin ba shi da ikon ragewa ko da ya tausaya.

Kada wani ya ruɗe ku da cewa rabin lokacin ake yi a fito. A tsarin tarayya an soke sakin talala tun 1987. Mai halin kirki ana rage masa kwana 54 a shekara, wato zai yi kusan kashi 85 cikin ɗari. Ƙarin rangwamen da dokar 2018 ta kawo ga masu shiga shirye-shiryen gyaran hali bai shafi wanda aka ɗaure da laifin 924(c) ba.

Kuskurena na biyu surutu ne. Ranar da jami'ai suka zo, na yi ta bayani don su ga ni mutumin kirki ne, kowace kalma kuwa ta koma hujja a kaina. Doka ta ba ku damar yin shiru da neman lauya, in ba ku da kuɗi kotu za ta ba ku. Ku ce kuna son lauya, ku tsaya nan.

Ranar da na gama wa'adina ban koma wurin iyalina ba, jami'an shige da fice ne suka karɓe ni a ƙofa, aka tasa ƙeyata zuwa Accra. Takardar zama ta dindindin ba ta kare wanda aka samu da fataucin ƙwaya. Tun 2010 Kotun Ƙoli ta wajabta wa lauya ya faɗa wa wanda ba ɗan ƙasa ba ko amsa laifi zai jawo masa kora. In abin ya riga ya same ku, ku yi masa wannan tambayar kafin ku sa hannu a kowace takarda.