Kafin ka hau jirgin katako a Lamu ko Zanzibar: iska, wata da nahodha

'Yan shekarun nan Kanawa sun fara buɗe ido zuwa gabashin Afirka. Ango da amarya kan tafi Zanzibar bayan biki, 'yan kasuwar Kwari da Wambai kan ratsa ta Mombasa, kuma da wuya mutum ya dawo ba tare da hoton jirgin katako mai farin ƙyalle ba. Abin da ke damuna shi ne yawancinmu a otal muke biyan kuɗi, a nuna mana jirgi mu hau, ba mu san me ya kamata mu duba ba. Mu mutanen tudu ne, iyakar ruwan da muka sani Tiga da Challawa da Bagwai. Shi kuwa wannan jirgi abu uku ke mulkinsa: iskar da ke kaɗawa a wannan watan, kwanan wata, da hankalin matuƙin da Suwahilawa ke kira nahodha. Wanda ya zaɓi waɗannan ukun da kyau ya gama rabin shiri.

Iska biyu ce ke raba shekara a wannan gaɓa. Kaskazi tana busowa daga arewa maso gabas, daga wajen Disamba zuwa Maris, daidai lokacin da muke fama da hunturu a nan, sai dai su a can lokacin zafi ne. Kusi kuma daga kudu take tasowa, daga Afrilu zuwa wajen Satumba ko Oktoba, ta fi ƙarfi, kuma a Yuni da Yuli da Agusta teku kan yi fushi sosai. A kan waɗannan iskoki aka gina kasuwancin fiye da shekara dubu. Jirage daga Oman da Yaman da Indiya kan biyo Kaskazi da dabino da tufafi da tangaran, su zauna a Lamu ko Mombasa da ke Kenya ta yau, ko Zanzibar, su sayar, su jira iska ta juya, sannan su koma da hauren giwa da kanumfari da azarar itacen mikoko, wanda ke tsirowa cikin ruwan gishiri. Har da bayi, domin sai a 1873 aka rufe kasuwar bayi ta Zanzibar. Wannan zaman jira na watanni shi ya haifar da auratayya da garuruwan dutse irin su Kilwa, wadda Ibn Battuta ya ziyarta a 1331 ya yaba kyawunta, mutumin da daga baya ya ambaci Gobir a labarin tafiyarsa ta Takedda.

Ga mai yawon buɗe ido ma'anar wannan a fili take. Wanda bai taɓa hawa teku ba, sai ya nufi Disamba zuwa farkon Maris, ko kuwa Satumba da Oktoba lokacin da Kusi ta lafa. Afrilu da Mayu damina ce mai nauyi. Hutun makaranta na Yuli da Agusta, wanda iyalai da yawa ke amfani da shi, ya faɗo a tsakiyar Kusi, don haka a tsaya a mashigin da tsibirai suka kare, kada a yarda a fita buɗaɗɗen teku da yara.

Sai wata. A wannan gaɓa ruwa na cikowa sau biyu yana janyewa sau biyu a kwana guda, kuma kullum lokacin na jinkirta da kusan minti 50. Bambancin cika da janyewa kan kai kusan mita 4 a ranakun da suke kira bamvua, wato farkon watan Musulunci da kuma wajen 14 zuwa 17. A wajen 7 zuwa 9 da 22 zuwa 24 ruwan ba ya motsi sosai. Bakano ba ya buƙatar wani littafi a nan, kalandar Hijira da ke bangon shagonsa ta isa. In tudun rairayi na tsakiyar teku kake son gani, irin na yankin Menai a kudancin Zanzibar, ranakun bamvua ne ruwa ke janyewa sosai da hantsi ya buɗe shi. In kangon garin Takwa kake so a tsibirin Manda da ke daura da Lamu, hanyarsa siririn mashigi ce a cikin mikoko, ba ta shiguwa sai ruwa ya cika. Wanda ya daɗe yana ɗaukar hoto har ruwa ya janye, jirginsa zai zauna a taɓo, kuma sai ya jira wata cikowar bayan sa'o'i masu yawa, sauro na aikinsa.

Jiragen ba iri ɗaya ba ne. Jahazi shi ne babba, na dakon kaya tsakanin garuruwa. Mashua ya fi ƙanƙanta, bayansa a yanke yake, kuma shi aka fi ɗaukar baƙi da shi. Ngalawa kwale-kwale ne da ake fafewa daga gungumen mangwaro, a ɗaura masa katako biyu hagu da dama don kada ya kife. Na masunta ne, mutum biyu ko uku, kuma ba na mace mai goyo ba ne ko dattijo. A da akwai mtepe, wanda babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa, ɗinke katakonsa ake yi da igiyar ɓawon kwakwa, amma ya ɓace tun wajen shekarun 1930.

Ya kamata mutum ya san yadda ake ƙera jirgin, domin nan zai gane inda yake lalacewa. A Matondoni da ke tsibirin Lamu da Nungwi a arewacin Zanzibar har yau ana sassaƙa su a bakin ruwa, ba zane a takarda, sai ido da igiyar awo da gizago. Da ƙashin baya ake farawa, wato doguwar gungumen ƙasa, sannan a kafa na goshi da na baya. Haƙarƙarin jirgi kuwa ba a lanƙwasa shi da ƙarfi. Masassaƙi kan shiga daji ya nemo reshen da Allah ya halitta a lanƙwashe, na mikoko ko darbejiya, saboda itacen da ya girma a haka ba ya tsagewa a gwiwa. Allunan jiki daga katako mai tauri ake yanka su, irin mvule wanda muke kira loko, ko mbambakofi ɗan'uwan kawo. Kafin a buga ƙusa sai an huda rami da abin huji na baka da igiya, a naɗe wuyan ƙusar da auduga, a buga ta fito ta ciki, a lanƙwashe bakinta. Tsakanin allo da allo a cusa auduga da aka jiƙa da man kwakwa, ana dannawa da kurfi da guduma. Wannan aiki shi ne kalafati, kuma shi ne ran jirgi. A sama da layin ruwa a shafa man hantar kifin shak, a ƙasa a shafe da farar ƙasa da aka kwaɓa da kitse, don kare katako daga tsutsar teku mai huda shi ta ciki.

To daga nan ne matsaloli ke fitowa. Ƙusar ƙarfe na yin tsatsa a ruwan gishiri, ta ci katakon da ke kewaye da ita. Jan layin tsatsa mai gangarowa daga kan ƙusa alamarsa ke nan. Jirgin da ya daɗe a tudu katakonsa kan bushe, audugar ta saki. Tsutsa kuma ba a ganin ɓarnarta daga waje. Kowane jirgin katako yana ɗan shan ruwa, wannan ba abin tsoro ba ne, akwai rami a baya inda ruwan ke taruwa a kwashe. Abin dubawa shi ne sau nawa ake kwasa. In yaron jirgi bai ajiye bokiti ba tun kafin a bar gaɓa, ka sauka, kuɗinka ba su kai ranka ba. Warin man kifi kuwa, duk da yana tayar da zuciya, alama ce ta jirgin da ake kula da shi.

Ƙyallen iska, wanda suke kira tanga, mai kusurwa uku ne, ana ɗinka shi daga ƙyallayen auduga masu kauri. Yana rataye a jikin wata doguwar sanda da sau da yawa ta kai tsawon jirgin ko ta fi, ita kuma a rataye a jikin ginshiƙin tsakiya mai ɗan karkata gaba. In iska ta yi kyau jirgi kan yi kilomita 8 zuwa 10 a awa. Lokaci mafi haɗari shi ne na juyawa. Nahodha zai ba iska baya, a saki igiyar ƙyalle, a miƙar da sandar tsaye, a zagayo da ita ta gaban ginshiƙi zuwa ɗaya gefen, ƙyalle na ta kaɗawa da ƙara, ma'aikata na jan buhunan yashi zuwa gefen da iska ke bugowa. Minti ɗaya ko biyu ne kawai, amma a nan ake fasa kai, a nan igiya ke fizge ƙafa. Ka zauna inda aka ce ka zauna, ka sunkuya, ka riƙe yaronka, ka ajiye waya. In jirgi ya karkata kada kowa ya ruga gefe guda.

Nahodha a jirginsa kamar madugu yake a ayarin fatake: shi ya san hanya, shi ke cewa a tashi ko a kwana, kuma ba a musu da shi a tsakiyar tafiya. Saboda haka tun a tudu za ka tantance shi. Tambaye shi ƙarfe nawa ruwa zai cika yau, mutum nawa jirgin ke ɗauka, akwai injin ko-ta-kwana da isasshen mai, akwai rigar kariya ta kowa har da ta yara. Wanda ya san aikinsa zai amsa ba tare da ɓata rai ba. Kirga rigunan da idonka, ka sa taka tun kafin a tashi, domin babbar riga ko doguwar abaya in ta sha ruwa nauyi take yi. Maganar lodi kuwa ba sai an yi wa Bakano dogon bayani ba. Ba mu manta da jirgin da ya kife a Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021 da ɗaliban Islamiyya a ciki ba, Allah ya jiƙansu. Su ma can suna da nasu tabon: jirgin fasinja na Spice Islander da ya nutse tsakanin Unguja, babban tsibirin Zanzibar, da tsibirin Pemba a Satumban 2011 lodi ne ya yi masa yawa. Nahodhan da ya ce maka yau ba za a fita ba, iska ta yi yawa, shi ne wanda za ka nema gobe.

Guzuri ba shi da yawa. Ruwan sha lita 3 ga kowane mutum a yini, hula mai igiya, leda mai ƙulli don waya da fasfo, da takalmin roba mai rufe ƙafa saboda kaifin murjani da wata halitta mai baƙar ƙaya da ke kwance a ƙasan ruwa. Mai jin jiri ya sha maganinsa awa guda kafin hawa, in ya bari sai amai ya fara ba zai zauna a ciki ba. Ya ci abu kaɗan mara maiƙo, ya zauna a tsakiyar jirgi, ya riƙa kallon nesa inda sama ta haɗu da ruwa. Tauna citta ma na taimaka wa wasu. Ban-ɗakin manyan jirage wani akwati ne da ke rataye a baya a kan ruwa, ƙananan kuwa babu, don haka Hajiya ta san da wannan tun daga masauki. Abinci yawanci shinkafa ce da madarar kwakwa da gasasshen kifin da aka kama a hanya, a kan murhun gawayi da aka dasa cikin akwatin yashi.

Ga sallah akwai abin da ke rikita mutanenmu. Mun saba alƙibla gabas ce, amma Mombasa da Zanzibar da Lamu kusan a ƙasan Makka suke kai tsaye, don haka alƙiblarsu arewa ce. Alwala da ruwan teku ta inganta. A Muwaɗɗa ta Imam Malik akwai hadisin mutumin da ya ce suna hawa teku da ruwa kaɗan, Manzon Allah (SAW) ya amsa masa cewa ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Mutanen gaɓar galibi Shafi'awa ne, za ka ga ɗan bambanci a masallaci, ba abin damuwa ba ne. Wanda tafiyarsa ta dace da Rabi'ul Awwal, Maulidin Lamu da ake yi a masallacin Riyadha, wanda Habib Swaleh ya assasa, yana zuwa da tseren jirage, kuma a nan ake ganin gwanintar juya ƙyalle ta gaske.

Filin jirgin saman Lamu a tsibirin Manda yake, ke nan da saukarka sai ka tsallaka ruwa kafin ka ga masauki. Mai fasfon Najeriya da zai shiga Zanzibar ya nemi bizar Tanzaniya tun yana gida da wuri, ba a ba mu ita a filin jirgi, kuma ya riƙe katin rigakafin shawara. Tsakanin Darussalam da Zanzibar a hau jirgin fasinja na zamani, kusan awa biyu ne, a bar jahazi ga masu dakon kaya. Farashin yawo a yanke shi a tudu, a fayyace ko ya haɗa da abinci da kuɗin shiga yankin tekun da hukuma ta killace, a ba da rabi, rabi sai an dawo.

Agogonsu yana gaban na Kano da awa biyu, sannan Suwahilawa daga fitowar rana suke fara kirga sa'o'i. In nahodha ya ce "saa moja asubuhi", wato sa'a ta ɗaya, ƙarfe 7 na safe yake nufi. "Saa kumi" na yamma ƙarfe 4 ne. Ka nuna masa lokacin a fuskar wayarka, ku amince a kan lamba ɗaya, ka kuma iso da rabin awa kafin nan, domin in ruwa ya fara janyewa ba zai jira ka ba.