Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Shekarar da Ƙugu Ya Ƙi Kura

A makon jiya mun tsaya inda na koma sana'ar ga-ruwa. Duk ɗan Damagaram ya san abin da bazara ke nufi: famfo ya ɗauke, sai layin jarkoki tun kafin kiran assalatu. Jarka mai lita 25 kilo 25 ce cur, kuma kowace sai ka sunkuya ka ɗaga ta, ka murɗa jiki, ka aza bisa kura, sannan ka turo daga Zango har lungunan Birni.

Ciwon bai zo da gaggawa ba. Da fari ƙugu ne ke riƙewa in na tashi daga ruku'u. Inna ta ce sanyi ne, aka kira wanzami ya yi mini ƙaho. Na ji dama-dama, sai dai ban jima ba abin ya fara sauka ta ɗuwawu har dunduniyar hagu.

Da likita ya ɗaga hoton bayana ya haska, sai ya nuna mini ƙasusuwan ƙugu guda 5. "Malam, dubi tazarar nan ta sama, ka dubi ta ƙasa. Ƙashinka lafiya lau, gammon ne ya lotse." Wai tsakanin ƙashi da ƙashi akwai faifan guringuntsi, 23 ne a gadon baya, cikinsa taushi kuma mafi yawansa ruwa, bayansa zobe mai tauri. Shekaru da dakon kaya suna busar da shi, zoben ya tsattsage, wurin ya kumbura. In na cikin ya turo waje ya danne jijiyar da ke sauka ƙafa, shi ne wannan zugin. Biyun ƙarshe su suka fi shan wuya, don a kansu nauyin jiki ke taruwa.

Abin da ya ɗaure mini kai, hana ni kwanciya ya yi. Jini ba ya shiga tsakiyar faifan, da motsi yake samun abinci. "Ka riƙa takawa safe da yamma, ka bar taba. Amma ranar da fitsari ya ƙi fita ko ya kubce maka, ko tsakar dare ne ka zo."

Takawa ba wuya. Wuyar ita ce kurar haya ce, ga mai ita yana jiran kuɗinsa da magariba. Yadda muka kwashe da shi, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.