Dukan da na yi wa autana a kan ɓata wando

Ƙannena masu goyo da masu yaye, ku matso in ba ku labarin da na daɗe ina jin nauyin faɗa.

Autana yana da shekara 4 da rabi lokacin da ya fara ɓata wando. Yaro ne da ya bar fo tun kafin ya cika uku, da kansa yake ɗaukar buta ya kewaya. A watan Oktoba muka sa shi jardan, wato makarantar ƙananan yara, nan Tawa, kafin sanyi ya kama sosai sai na fara ganin ɗan shafe a wandonsa, ruwa-ruwa, mai wari ƙwarai. Yau sau ɗaya, gobe sau uku. Babansa yana Abijan wajen biɗa, gidan daga ni sai uwar mijina da yara. Inna, wato uwar mijin nawa, ta ce lalaci ne, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na yarda, don ni ma haka aka rene ni.

Na dake shi. Na sa shi ya wanke wandon a tsakar gida, yayyensa suna kallo suna toshe hanci. In na tambaye shi me ya hana shi zuwa salga, sai ya ce, "Inna, ban ji ba." Sai in ƙara masa, a ganina ya haɗa ƙazanta da ƙarya. Daga nan ya fara ɓoye wandunan a bayan randa da ƙarƙashin katifa. Har yau in na tuna yadda yake sunkuyar da kai yana cewa ban ji ba, zuciyata tana sosuwa, domin gaskiya yaron yake faɗa.

Da duka bai yi ba, sai na ce zawo ne. Na sayi ƙwayar tsai da zawo wajen masu yawo da magani a tire, na ba shi kwana uku. Cikinsa ya ƙara tauri, ya bar cin abinci, da dare yana kuka yana riƙe mara. Wata maƙwabciya ta ce in dafa masa filasko, wata ta ce in ɗura masa ruwan sabulu ta baya. Allah ya taimake ni tsoro ya hana ni, na goya shi muka tafi likita.

Majon da ya duba shi, wato malamin jinya, bai fara da yaron ba, da ni ya fara. "Yaushe rabon da ki ga kashinsa da idonki?" Na yi shiru. Tun da ya iya kewayawa shi kaɗai na bar dubawa. Ya danna cikin ta gefen hagu, ya kama hannuna ya aza a wurin, na ji abu dunƙule kamar ƙwallon goriba. Ya ce, "Hajiya, wannan ba zawo ba ne, kashi ne ya toshe shi."

Bayanin da ya yi mini shi nake so ku riƙe. In yaro ya taɓa yin kashi mai tauri ya ji zafi, ko yana tsoron wurin, sai ya fara riƙewa. Duk kwanan da kashin ya ƙara a ciki, hanji yana tsotse ruwansa, yana ƙara bushewa yana girma. Ƙarshen hanjin ya yi ta buɗewa kamar tsohuwar safa, har ya bar aika wa yaron saƙon cewa ya cika. Sabon kashi mai laushi da ke zuwa daga sama sai ya bi gefen dunƙulen ya zubo, yaron bai sani ba. Yawancin yaran da ke ɓata wando bayan sun kai shekara 4, wannan ne dalilinsu. Ni kuwa na ɗauki maganin ƙara ɗaure ciki na ba cikin da yake a ɗaure.

A hanyar komawa gida na lallaɓi yaron, ya faɗa mini abin da ke hana shi kewayawa. Salgar lakwal tana da duhu, sau da yawa ba ruwa, manyan yara suna bubbuga ƙofa. Ta gidanmu kuma ramin ya yi masa faɗi, ga kyankyasai. Sannan na gane wannan tsayuwar da yake yi a bayan ƙofa, ya harɗe ƙafafu, fuskarsa ta yi jawur, ba yunƙurin yi ba ne, ƙoƙarin riƙewa ne.

An rubuta mana makrogol, garin da ake damawa a ruwa, wanda ke jawo ruwa cikin kashi ya yi laushi. Kwanakin farko da yawa ake sha don a fitar da tsohon, ɓata wandon ma ya ƙaru, kuma an riga an gaya mini haka za a yi. Bayan sati biyu wando ya tsarkaka, na yi hamdala, na tsai da magani. Wannan ne kuskurena na uku, kuma shi ne wanda na ga mata da yawa suna yi. Ko wata ba a yi ba muka koma gidan jiya. Hanjin da ya yi watanni a buɗe ba ya tsukewa a sati biyu. Sai da muka yi wajen wata shida, kuma a hankali aka riƙa rage shi bisa umarnin lokotoro.

Sauran aikin na gida ne. Na dawo masa da fo ba tare da gori ba. Bayan kunun safe da bayan tuwon dare ya zauna minti 5 zuwa 10, don hanji ya fi motsi in ciki ya karɓi abinci. Ina zaune kusa ina yi masa gatana. Ya yi ko bai yi ba, in ce madalla da ya zauna. Na rage masa burodi da taliya da biskit, waɗanda suka zama abincinsa tun da ya shiga lakwal, na koma ga wake, miyar kuɓewa da ta kuka, kwaɗon zogale, gwanda, mangwaro in lokacinsa ya zo. Ruwa kuwa, ku da kuka san zafin Afrilu da Mayu a Adar, inda ake wuce digiri 40, kun san yaro yana wasa ba ya tuna ƙishirwa sai an miƙa masa moɗa. Amma kada ku ce abinci kaɗai zai fitar da abin da ya riga ya toshe, na gwada bai yi ba.

Na je na samu madam ɗinsu ni da ita kaɗai, na roƙe ta ta bar shi ya fita duk sa'ad da ya ɗaga hannu, na sa wando na canji a jakarsa. Inna ce ta fi wuya. Na durƙusa na ce, "Inna, ku yi haƙuri, lokotoro ya ce ciwo ne." Daga baya ita ce mai dama masa maganin.

In kun ga ciki ya kumbura da amai, musamman kore, ko zazzaɓi, ko jini, ko yaro yana ramewa, ko ƙafafunsa sun yi rauni, kada ku kwana da shi a gida. In kuma tun yana jariri ya wuce kwana biyu da haihuwa bai yi kashin farko ba, ku faɗa wa lokotoro, don wannan wata cuta ce daban. Zafin fitsari da komawa fitsarin kwance ma sukan biyo taurin kashi.

Wata rana da damina ina tankaɗe, ya sheƙo daga waje yana cewa, "Inna, ina jin shi, ina jin shi!" Na ajiye rariya na miƙa masa buta. Ko a lokacin ban tsai da maganin ba, sai da muka ƙara wata biyu.