Beiaard, kalmar da na koya a gindin hasumiyar Mechelen

Na sauka a Mechelen, wani gari da ke tsakanin Brussels da Antwerp a ƙasar Beljiyam, cikin tsananin sanyi, kuma na taho daga Damagaram da tabbacin cewa Faransancina zai ishe ni. Ban kwana uku ba na gane cewa a arewacin ƙasar harshen Holanci ne ke ci a kasuwa da ofis da makaranta. Ɗakin da na kama haya yana kusa da babbar majami'ar garin, wadda hasumiyarta ta kai mita 97, kuma abin da ya fara hana ni barci shi ne ƙararrawar da ke cikinta. Ba a bugun awa kaɗai ta tsaya ba, domin duk kwata sai ta yi ɗan kiɗa, har tsakanin kwata da kwata ma akwai wani gajeren sauti. A zatona kiran ibada ne ake yi wa Kiristoci, sai nake mamakin yawan kiran alhali ban ga masu amsa shi ba.

Wata dattijuwa maƙwabciyata ce ta warware mini. Ranar wata Asabar, ranar da kasuwa ke ci a babban dandalin garin, na taya ta ɗaukar kaya, sai na nuna sama na ce da Holancina na ɗan koyo, “Mevrouw, klok ɗin nan ba ta hutawa ne?” Ta tsaya cak ta ce, “Ɗana, wannan da kake ji yanzu beiaard ce, kuma akwai mutum zaune a can sama yana kaɗa ta.” Da na ce ban gane ba, sai ta faɗa mini da Faransanci: carillon. Wannan kalmar na san ta tun a gida, amma a matsayin agogon bango mai kiɗa da ƙararrawar ƙofa, ban taɓa sanin asalin ma'anarta ba.

Klok ƙararrawa ce guda ɗaya, ko agogo. Beiaard kuwa kayan kiɗa ne sukutum, wato jerin ƙararrawa na tagulla waɗanda aka daidaita muryar kowacce da ta 'yar'uwarta, aka rataye su a hasumiya, kuma masana ba su ba wa jerin wannan suna sai ya kai ƙararrawa 23. Kalmar Faransancin ta samo asali ne daga tsohuwar kalma mai nufin rukunin ƙararrawa huɗu, ita kuwa ta Holancin daga aikatau ne mai nufin buga ƙararrawa da harshenta ba tare da an lilo da ita ba. A nan bambancin yake: ƙararrawar beiaard a kafe take, harshen ne ake jawowa da waya. Makaɗin, wanda ake kira beiaardier, yana zama gaban jerin sanduna yana dukansu da dunƙulen hannu, manyan ƙararrawar kuma yana taka su da ƙafa, kuma gwargwadon ƙarfin dukansa gwargwadon amon da gari zai ji. Ɗan kiɗan da ke hana ni barci kuwa na'ura ce ke yinsa, ana kiransa voorslag, an ƙirƙire shi ne tun zamanin da mutane ba su da agogo, domin a faɗakar da su cewa bugun awa na tafe, su kasa kunne su ƙirga.

Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne jin cewa makaɗin ma'aikacin hukumar gari ne, kuma kiɗan na kowa da kowa ne. Nan take na tuna kakaki da algaita a ƙofar fada daren Juma'a, sautin da ba a biyan kuɗin jinsa, yana ratsa katanga ya sami mai kuɗi da talaka a inda suke.

Da rani ya shigo na hau hasumiyar, matakala fiye da 500, na ga jeri biyu, kowanne da ƙararrawa 49, mafi girmansu ta kusa tan 9. A can na ji yadda ake daidaita murya: bayan an zuba narkakken jan ƙarfe da kuza an fitar da ƙararrawa, sai a riƙa kankare cikinta kaɗan-kaɗan har sautin ya zauna, kuma abin da aka kankare ba ya komawa, saboda haka kuskure ɗaya na iya ɓata aikin gaba ɗaya. Wasu 'yan'uwa biyu, François da Pieter Hemony, su ne suka fara ƙware a wannan sana'a a ƙarni na 17. A garin nan kuma wani makaɗin beiaard mai suna Jef Denyn ya fara kiɗan yammacin Litinin a 1892, sannan ya buɗe makarantar koyon beiaard ta farko a duniya a 1922, wadda har yau ɗalibai ke zuwa cikinta daga ƙasashe masu nisa. A 2014 hukumar UNESCO ta amince da yadda Beljiyam ke kiyaye wannan al'ada a matsayin abin koyi.

Har yanzu ina kewar kiran sallar asuba daga masallatan unguwarmu, kuma babu ƙararrawar da za ta cike mini wannan gurbi. Amma na daina duba agogo idan zan fita aiki, domin na haddace bambancin kiɗan kwata da na rabin awa. Yammacin Litinin a lokacin rani nakan ɗauki kujerun ninkewa biyu, in ƙwanƙwasa wa dattijuwar ƙofa, mu je mu zauna a inuwar hasumiyar tare da sauran mutanen gari har makaɗin ya gama.