Asabar: ɗaukar sabon kiɗa da rubuta shi

Aikin yau kashi biyu ne: ɗaukar ɗan kiɗan fiyano da na tsara, mai tsawon minti uku, sannan rubuta shi yadda wanda bai taɓa jin sa ba zai iya bugawa daga takarda.

Da safe aka fara da sauti. Fiyanon na tsaye ne, kuma allon da ke fitar da amonsa a baya yake, don haka sai da aka janye shi taku guda daga bango. In ya manne da bango, sautukan ƙasa kan dunƙule su koma gunji. Na buɗe murfin sama, na kafa makirufo biyu, ɗaya ta wajen tsirkiyoyi masu kauri, ɗaya ta wajen sirara, kowanne kimanin santimita 30 daga bakin murfin. Aka matso fiye da haka, bugun gudumomin da ke dukan tsirkiyoyi da ƙarar ɗaga feda, wato matakin ƙafa mai riƙe sauti, su ne za su cika kunne. Aka ja baya da yawa, ɗakin ake ɗauka, ba fiyano ba.

Waya hoton bidiyo kawai na bar mata. Yawancin wayoyi suna daidaita ƙara da kansu: ka sassauta hannu su ɗaga, ka buga da ƙarfi su danne. Ga hira hakan yana da amfani, amma kiɗan fiyano rabin daɗinsa a tazarar da ke tsakanin laushi da ƙarfi yake, kuma ita ce wayar ke shafewa. Na buga wurin da ya fi ƙarfi a kiɗan, na saita na'urar ɗaukar sauti yadda ƙololuwar ba za ta wuce desibel -10 ba, a kan 48 kHz da bit 24, don 48 ne bidiyo ke amfani da shi. Kafin a fara, tafi ɗaya a gaban kyamara. Da shi ake haɗa sauti da hoto daga baya, a ɗora tsinin tafin daidai inda tafukan suka haɗu. Wajen gyara ban matse sautin don ya yi ƙara ba, tunda YouTube na rage duk abin da ya haura kusan -14 a ma'aunin ƙarfin sauti na LUFS. Wanda ya matse ya yi asarar laushin, ƙarar kuma bai samu ba.

Rubutun ne ya cinye yinin. Masu fiyanon lantarki da yawa suna zaton in sun ɗauki MIDI, wato bayanin maɓallan da aka danna da lokacinsu, suka zuba a manhajar rubuta kiɗa, shi ke nan. Abin da ke fitowa ba ya karantuwa. MIDI lokacin da yatsa ya sauka yake riƙewa, kuma mutum ba agogo ba ne: yakan ja nan, ya gaggauta can. Manhaja ba ta san da gangan aka yi ba, sai ta cika shafi da gutsattsarin alamomi da ɗaure-ɗaure. Sannan takan raba hannun dama da na hagu bisa tsayin sauti, sau da yawa a wajen C ta tsakiya, maɓallin da ke kusan tsakiyar fiyano, alhali hannun hagu yakan haura nan ba sau ɗaya ba. Ga kuma feda: yatsa ya ɗaga da wuri don feda na riƙe da sautin, sai a rubuta gajeren sauti da hutu inda kunne ke jin dogo.

Saboda haka da hannu na shigar da komai a manhajar MuseScore, gaɓa bayan gaɓa, wato 'yan sassan da ake raba layin kiɗa da su. Takarda niyyar mai kiɗa ake so ta nuna, ja da sassautawa kuwa kalma ɗaya a saman layi ta ishe su. Na sa gudun kiɗan da lamba, bugu 72 a minti, na sa alamar feda a layin farko da inda ta sauya kaɗai, lambar yatsu kuma a wurare masu wuya kawai. Juya shafi na tura shi inda hannun dama ke hutawa. Ƙaramin abu ne, amma mai bugawa shi yake fara lura da shi.

Da yamma na fitar da PDF don karatu da MusicXML ga mai son buɗewa a wata manhaja. Haƙƙin mallaka, a ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Berne ta 1886, ba ya jiran rajista, amma sai an faɗa wa mutane abin da aka yarje musu. Na sa lasisin CC BY a ƙasan shafin farko, wato kowa ya buga, ya ɗauka, ya sauya, muddin ya ambaci mai shi. IMSLP ma, shafin intanet da ke tara takardun kiɗa kyauta, na karɓar sabbin ayyuka a ƙarƙashin irin wannan lasisi, ba na tsofaffin da suka rasu kaɗai ba.

Bidiyon ya hau YouTube, takardar ce na riƙe. A gaɓa ta 21 hannun hagu yana buɗewa tazarar farin maɓalli goma, hannaye da yawa kuwa a takwas ko tara suke tsayawa. Ko dai in sa alamar a buga sautukan ɗaya bayan ɗaya, ko in miƙa na saman ga hannun dama. Gobe zan gwada duka biyun a gudun 72 in ji wanda bai karya waƙar ba.