Ci da sha da wayar gyaran haƙori a baki

Kafin a sa min waya a haƙori, duk wanda na yi magana da shi tauna yake tsorata ni da ita: wai na yi sallama da nama da gyaɗa da cingam. Bayan na daɗe da ita a baki, sai na ga abin da nake sha ne ya fi buƙatar sa ido. Amma bari in fara da taunar, tunda ita ke fara tarar mutum.

Ranar da aka manna min 'yan maɓallan ƙarfen aka zura waya, lafiya lau na fito, sai da dare ya yi haƙoran suka fara tsami, har ba na so na sama su taɓa na ƙasa. Likita ya riga ya bayyana min dalili: wayar tana tura haƙori a hankali, ƙashin da ke riƙe da shi yana zaizayewa ta gefe ɗaya, yana ginuwa ta ɗayan. Ciwon kan ɗauki kwana 3 zuwa 5, kuma yakan ɗan dawo duk lokacin da aka ƙara ɗaure wayar, galibi bayan mako 4 zuwa 8. A irin waɗannan kwanaki yogot, ƙwai, ayaba, kifi da dankalin da aka marmasa su suka riƙe ni. Na kuma koyi in ci in ƙoshi da zarar na baro wajen likita, domin ciwon ba ya zuwa sai bayan wasu awoyi.

Gam ɗin da ake manna maɓallan da shi an yi shi ne yadda za a iya ɓamɓare su a ƙarshe ba tare da an ɓata haƙori ba, don haka gatsa ɗaya mai ƙarfi ta isa ta fizge maɓalli. In kuwa ya fita, wannan haƙorin ya daina tafiya ke nan sai an gyara, aikin da kan ɗauki wata 18 zuwa 24 ya ƙara tsawo. Ni dai ban rasa abinci da yawa ba, yadda nake ci ne ya canja. Haƙoran gaba na ba su hutu, wuƙa ta karɓi aikinsu. Tuffa da karas in yanka su siri-siri in kai wa turame, nama in raba shi da ƙashi tun a faranti, masara in ɓare ta daga totuwa. Abin da na bari gaba ɗaya kaɗan ne: tauna ƙanƙara, gugguru, alewa mai tauri ko mai danƙo, da cingam.

Yanzu ga batun sha, wanda shi ne ya fi damuna. Maɓallin da ya fita ana mayar da shi cikin 'yan mintuna. Fararen tabo kuwa, waɗanda ke bayyana a kewayen inda maɓallan suka zauna ranar da aka cire waya, suna iya zama da mutum shekaru. Ga yadda suke samuwa: datti na taruwa a gefen kowane maɓalli inda buroshi ke wahalar kaiwa, ƙwayoyin cutar da ke cikinsa su ci sukari su fitar da asid, asid ɗin ya tsotse ma'adinan ɓawon haƙori. Ɓawon nan yakan fara narkewa idan ma'aunin tsami na pH (wanda lambarsa ke raguwa in tsami ya ƙaru) ya sauka ƙasa da 5.5, lemon kola kuwa nasa yana wajen 2.5. Har wanda ba shi da sukari ma tsaminsa na nan, haka ruwan lemu da abubuwan sha masu ƙara kuzari.

Abin da ya buɗe min ido shi ne bayanin da likita ya yi min a kan yawu. Duk lokacin da zaƙi ya shiga baki, yawu na buƙatar kusan rabin awa ko fiye kafin ya kashe tsamin. Wanda ya shanye kwalba lokaci ɗaya tare da abinci, sau ɗaya haƙoransa suka sha wuya. Wanda ya ajiye ta kusa da shi yana kurɓa tun safe har yamma, bakinsa bai huta ba ko kaɗan. Shayi mai sukari ma haka yake. Tun daga nan na mayar da duk wani abu mai zaƙi lokacin cin abinci, tsakanin abinci kuwa ruwa zalla. In na sha mai tsami, sai in kurkure baki da ruwa, in jira minti 30 kafin in sa buroshi, saboda a wannan lokacin ɓawon ya yi laushi, gogewa na iya kankare shi.

Akwai kuma rini. Kofi, baƙin shayi da abinci mai kori ko kurkur suna mayar da fararen robobin da ke riƙe waya ruwan ɗorawa. Wannan bai cika damuna ba, tunda ana canja su a kowace ziyara, sai dai wanda abin ke damunsa ya zaɓi robobi masu duhu.

Cin abinci a cikin mutane ne ya fi min nauyi da farko, domin ganye da shinkafa ba sa wuce waya su bar ta. Sai na riƙa yawo da 'yar jaka: buroshi, man goge baki mai fulorayid (sinadarin da ke ƙarfafa ɓawon haƙori), ƙaramin buroshin nan mai shiga ƙarƙashin waya, da kakin da ake liƙawa a kan ƙarfen da ke gurje kumatu. Kakin nakan cire shi kafin in ci, in sa sabo bayan na goge. Da dare kuwa nakan bi kowane maɓalli sama da ƙasa, in tofar da kumfar ba tare da na kurkure ba, don fulorayid ɗin ya kwana a jikin haƙoran.