Karanta Magana Jari Ce da ƙarfi: an shawo kan matsalar "ya ce"

'Yan'uwa masu koyon karatu a bayyane, albishirinku. Na kai ƙarshen littafi na ɗaya na Magana Jari Ce, na saurari abin da na ɗauka a waya, kuma a karon farko babu inda na rasa gane mai magana. Na ji daɗi ƙwarai, don wannan matsala ce ta tsayar da aikin tun daga farko.

Kun san yadda marigayi Abubakar Imam ya gina littafin. Akwai muryarsa shi kansa, wadda ke ba da labarin Sarki Abdurrahman da ɗansa Musa da makircin Waziri. A cikinta akwai aku, yana jan Musa da hira har gari ya waye don kada ya bi sawun Mahmudu, jikan Sarki, wurin yaƙi. A cikin hirar aku kuma ga mutanen labari suna ta magana da juna. Hawa uku ke nan. Ido yana raba su da alamar zance, amma kunne ba ya ganin alama. Idan maza biyu suna musu, sai ka yi ta jin "ya ce", "ya ce", kafin ka ankara mai sauraro ya ɗauka Musa ne ke faɗin abin da ɓarawon cikin labari ya faɗa.

Dabarar farko da kowa ke gwadawa ita ce sauya murya, a maƙale hanci don aku, a kumbura maƙogwaro don Sarki. Ku bar ta. Aku shi ke ɗauke da mafi yawan shafukan, minti goma da muryar hanci maƙogwaro ya bushe, masu sauraro kuma sun koma dariyar muryar sun saki labarin.

Abin da ya yi aiki fensir ne. Kafin karatu, a bi labarin shiru sau ɗaya. A gefen shafi a ja layi ɗaya inda marubuci ke magana, layi biyu inda aku ya karɓa, uku inda mutanen labari ke magana. Sannan a saman kowane "ya ce" da ba a ambaci suna ba a rubuta harafin farko na mai maganar. Wurin karatu muryarka ta kullum za ka yi amfani da ita, sauri kawai ke canzawa: marubuci a hankali, aku da ɗan hanzari irin na mai tsoron kada a tashi a bar shi. Duk inda za a sauka daga hawa zuwa hawa, musamman inda Musa ke katse aku, a tsaya numfashi ɗaya cikakke. Rabin numfashi bai isa ba, a rikodin sai ka ji jimlolin sun manne.

Wani abu da ya ci mini kuɗi: kwafin da ke yawo a waya, wanda na kai aka buga mini a takarda, ba shi da lanƙwasa. Baki da baƙi duk ɗaya, haka kafa da ƙafa. Mai karatu a zuci yakan gyara da kansa, amma harshe yakan riga tunani. Dole na sake sayen bugu na gaskiya, kuɗin bugawar nan ya tafi a banza. Ku nemi littafin tun farko.

Sai tsohon kuɗi. Littafin ya fara fitowa a 1937, naira kuwa sai 1973 ta zo, saboda haka yara ba sa jin nauyin ciniki idan an ambaci sule. Na rubuta wannan a bangon ciki: fam sule 20, sule kwabo 12, sisi kwabo 6, taro kwabo 3, anini goma kwabo ɗaya. A faɗe shi sau ɗaya kafin a fara, kada a tsaya bayani a tsakiyar labari, yana kashe shi.

Abin da ke ɓata mini rai har yanzu shi ne kalmomin da suka fita daga bakin mutane. Imam ya rasu a 1981, babu damar tambayarsa, ƙamus ɗin Bargery na 1934 kuwa yakan ba da ma'ana fiye da ɗaya ya bar ka da zaɓi. Dattawa sun fi saurin warwarewa, in ka karanta musu jimlar gaba ɗaya.

Littafi na biyu zai fi wuya, don aku biyu ne ke gasar labari. Layi biyu ba zai raba su ba, zan gwada jan biro ga sabon akun.